Ƙotar wuƙa da itacen walnot mai zane: kundin aikina daga hunturu zuwa Babbar Sallah

4 ga Janairu, 2025

Itacen ya iso jiya da daddare. Ƙanina da yake sarin kaya daga Turkiyya ne ya taho min da shi cikin jakarsa, guntaye takwas da ya samo a wurin masu yanka katakon gindin bindigar farauta, ragowar da ba ta kai girman da suke nema ba. Kowane guntu tsawonsa santimita 14, faɗi 5, kauri 3. Da kuɗin itacen da kuɗin ɗaukowa, naira 64,000.

Niyyata in haɗa wuƙaƙe shida kafin Babbar Sallah, biyu na yanka, biyu na fiɗa, biyu na kicin. Biyar da walnot, ɗaya da kirya, don in samu abin gwadawa. Na daɗe ina yin ƙota da kirya da marke, kuma ban taɓa raina su ba, amma tun da na ga yadda walnot yake fitowa idan ya sha mai nake son in taɓa shi da hannuna.

Bishiyar ba ta yi a ƙasarmu, sanyi take so. Ana samunta a Turkiyya da Iran da Kirgizistan da Sin, akwai kuma baƙar irinta a Amurka. Guntaye uku suna da layuka masu gilmawa, igiya-igiya, da suke motsi idan ka juya itacen a haske, kamar shadda mai kyau da rana ta doka. Biyu daga inda kututture ya rabu gida biyu aka yanko su (su nake kira masu reshe), zanen ya bazu hagu da dama. Biyu ƙullutu ne, kumburin nan da yake fitowa a gindin bishiya, cike da ƙananan idanu baƙaƙe. Na takwas miƙaƙƙe ne, ba zane.

Abin da yake kawo zanen shi ne jijiyar itacen ba ta tafi a miƙe ba, ta murɗe ta lanƙwashe, haske yana sauka a kan kowace lanƙwasa ta fuska daban. To wannan murɗewar ita ce kuma take rage masa ƙarfi, domin a siririyar ƙota jijiyar ba ta tafiya daga kai zuwa kai, a gajeren zango take ficewa ta gefe. Duk aikin da yake gabana a nan ya rataya.

9 ga Janairu

Tsaga ta fito a kawunan ƙullutun biyu, siririya amma ana ganinta. Ɗaya daga cikin masu reshe ma ya fara.

Hunturu ne. Ƙaramar na'urar auna danshi da na rataye a shago tana nuna ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Itacen da ya zauna a gari mai teku yakan riƙe ruwa kusan kashi 12 na nauyinsa ko fiye, amma a iska irin tamu ta yanzu sai ya sauka zuwa kashi 4 ko 5 kafin ya tsaya. Kuma ta kawuna yake zubar da ruwan da sauri, ninkin ba ninkin yadda yake fita ta gefe. Kai ya bushe ya tsuke, ciki bai tsuke ba, sai ya tsage.

Na narka kyandir a gwangwani na tsoma kawunan kowane guntu. Na naɗe su da takarda, na zuba su a kwali da garin katako, na kai ɗakin ciki inda iska ba ta kaɗawa. Miƙaƙƙen na ware shi ya zama shaida: shi zan riƙa ɗorawa a sikeli har damina don in ga ruwan da itacen yake zubarwa ko sha, ba zan yanka shi ba. Yau giram 136.

18 ga Janairu

Na je 'Yan Katako a Na'ibawa neman abin da zan koyi hannu da shi kafin in taɓa mai tsadar. Da na ambaci walnot, nan da nan aka jawo min falanki mai ruwan zuma da baƙaƙen layuka. Katako ne mai kyau daga dazukan kudu, amma ba shi ba ne. Ɗan uwan maɗaci ne, dangin mahogani, kama ce kawai ta sa ake kiransa haka a kasuwa. Haka ita ma ƙwayar nan da ake dafawa ana sayarwa a tashoshin kudu, wadda Yarabawa suke kira asala, walnot ake ce mata, amma tsiro ne mai yaɗo, ba ya ba da katako. Duk wanda zai saya ya san wanne yake biya.

Na ɗauki guntun falankin naira 3,500. Kirya kuma na samo ta wurin wani masassaƙi, busasshiya tun bara, naira 2,000.

Na tambayi madobiya don kwaɗayi, aka ce sai an nema. Ita ce itacenmu da take iya tsayawa kusa da kowane baƙon itace wajen kyau, amma an sare ta ba tausayi ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Abin yana ci min rai: muna sayo ragowar wasu, tamu ta tafi a kwantena.

27 ga Janairu

Shaida ya sauko giram 130. Tsagar ba ta ƙaru ba.

3 ga Fabrairu

Na sayi sifirin tsohuwar mota a Ƙofar Ruwa, naira 9,000, na kai wa dattijon maƙerin da nake hulɗa da shi a cikin gari. Na tafi da guntu ɗaya mai igiya in nuna masa. Ya juya shi, ya danna farce, ya auna nauyinsa a tafi.

Ya ce, "Yaro, wannan ai na ado ne. Ba shi da nauyi. In na soka masa wutsiya da zafi, rabewa zai yi."

Gaskiya ya faɗa. Yadda aka saba a nan, ana sirantar da wutsiyar wuƙa, a gasa ta ta yi ja, a soka cikin ƙota ta ƙona wa kanta hanya. Kirya da marke suna jure haka. Walnot nauyinsa wajen kilo 640 ne a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri), kirya ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma mai zane ba shi da doguwar jijiyar da za ta riƙe.

Na ce, "Baba, to ku bar min wutsiyar da faɗinta, daidai siffar ƙotar. Ni zan manna itacen ɓari biyu, hagu da dama, in ɗaure da ƙusoshin tagulla. Ƙarfen ne zai ɗauki nauyin aikin."

Ya ce ɓarnar ƙarfe ce, amma zai yi. Mun yi yarjejeniya a huda ramuka uku-uku a wutsiya kafin a ba wuƙar ruwa, domin in ta taurara dirila ba za ta ci ba. Na zauna na ga ya gama ta farko: gawayin kirya, zuga-zugi, ya gasa har maganaɗisu ya daina kama ƙarfen (hakan yana faruwa a wajen digiri 770), ya ƙara kaɗan, ya tsoma a mai. Sannan ya sake ɗumama ta a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara, don kada ta yi gautsi. Shi ba ya buƙatar maganaɗisun, da ido yake gane launin, don ni ya ɗauko shi. A garin da aka tono shaidar narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, irin wannan idon ba abin mamaki ba ne.

Naira 7,000 kowace wuƙa.

12 ga Fabrairu

Shaida ya tsaya a giram 127, awo bayan awo bai motsa ba. Lokacin yanka ya yi.

Na kai shida wurin kafinta mai injin zarto na bel, aka raba kowane gida biyu ta kauri. Ɓarin biyu idan ka buɗe su zanen hagu yana amsa na dama, shi ya sa nan take na sa musu lamba da fensir kada su cakuɗe. Naira 3,000.

Kafin magariba masu reshen sun ɗan gantsare. Na yi tsammanin haka, domin cikin guntun bai kai bayansa bushewa ba. Na jera su da siraran itace a tsakani, na ɗora bulo. Sai sun kwanta.

21 ga Fabrairu

Na yi asarar ƙullutu ɗaya, wanda ya fi kyau.

Na goge ɓarin ya kwanta, na matse shi da wutsiyar wuƙar kicin, na fara hudawa ta ramukan ƙarfen. Ramin farko lafiya. A na biyu, da bakin dirila ya kusa fita, sai na ji ya zurma babu turjiya. Ashe akwai kogo a ciki, ɓawon bishiya ne da ƙullutun ya haɗiye tun yana girma, daga waje ba alamarsa. Bayan ya ɓalle da faɗin farcen babban yatsa, tsaga ta tashi daga ramin ta bi ta cikin idanun nan har gefe. Na zuba gam na matse, amma da na lanƙwasa shi kaɗan da hannu sai ya sake buɗewa a wani wurin. Tun da ɓarin biyu tare suke tafiya, ɗayan ma ya tashi daga aiki. Na ajiye su ko za su yi wuyan wata ƙotar.

Ƙullutu ba shi da jijiya guda da za a ce ga inda ta nufa, kowane ido da nasa zagayen. Masu wannan sana'a a waje ba sa aiki da shi haka nan. Sukan busar da shi ƙarƙaf, su nutsa shi a wani ruwan roba cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, ruwan ya shige kowace kafa, sannan su gasa a wajen digiri 90 ya daskare. Bayan haka itacen ba ya shan ruwa sosai, ba ya motsi sosai. Ba ni da tukunyar, ba ni da ruwan.

Ga abin da na yi wa ƙullutu na biyu. Na haska shi da tocila ta kowace fuska, na bi idanun da allura. Duk inda ya nutsa na cusa garin walnot ɗin kansa, na ɗiga supagulu mai ruwa-ruwa har ya daina sha. Da ya kwana, na manna tef a bayansa, na shimfiɗa katako a ƙasa don bakin dirila ya fita cikin katako ba cikin iska ba, na sa sabon baki, na tafi a hankali ina ɗagawa ina share gari. Ramin na yi shi milimita 3.2, ƙusar kuma 3 ce. Wannan 'yar tazarar da gangan ce: ƙusar da aka buga da ƙarfi ita take raba itace idan ya tsuke. Ramuka uku sun fita sumul. Haka na bi sauran.

Ƙusoshin daga sandar waldar tagulla na yanko su, naira 6,000 a Ƙofar Ruwa.

1 ga Maris

An ɗauki azumi yau. Aiki ya koma bayan asuba zuwa hantsi. Wuƙaƙen shida duk sun dawo daga maƙera.

8 ga Maris

Manna.

Na liƙa samfefa a kan gilashi na goge cikin kowane ɓari har fensirin da na zizara ya goge gaba ɗaya. Wutsiyar ma haka, domin guduma ta bar mata tudu da kwari, kuma gam ba ya gyara abin da bai kwanta ba. Sannan na kankare ta da samfefa mai lamba 80 (mai kaushi ce, lamba tana hawa laushi yana ƙaruwa), na wanke da sifirit. Goshin ƙotar, wato ɓangaren da yake kallon bakin wuƙa, na sassaƙa shi na goge har lamba 600 tun kafin mannawa, domin bayan an manna ba yadda za a kai gare shi ba a karce ƙarfe ba.

Na yi amfani da gam ɗin Araldite mai jinkirin kamawa, ba na minti biyar ba. Zafin Maris yana gaggauta shi, don haka kaɗan-kaɗan nake kwaɓawa, na wuƙa ɗaya a lokaci guda. Maimakon matsewa da ƙarfe, na yanka robar tiyub na naɗe. Tana matsewa ko'ina daidai, kuma ba ta tatse gam ɗin duka ya fita. Abin da ya tsattsafo a goshi na share da tsumma da sifirit tun yana ɗanye.

16 ga Maris

Na fara fitar da siffa. Giranda tana da sauri, amma a wuƙar farko na ga baƙin zobe ya kewaye ƙusoshin. Tagulla tana ɗaukar zafi nan da nan, ta ƙona itacen da yake jikinta, kuma zafin yana sassauta gam. Na tsaya. Sa'a akwai sauran kauri, zoben ya fita da na ci gaba da magagari. Daga nan na ajiye injin, na koma hannu: magagari mai haƙora manya, mai ƙanana, sannan samfefa a naɗe a katako. In ba a katako ba, yatsa yana cinye itacen ya bar ƙusar a tsaye.

Wuƙar sassaƙa ba ta yi a mai igiya. Duk ta inda ka biyo, rabin layukan suna gaba da kai, sai su ɓanɓaro.

Ƙurarsa tana da kaifi a maƙogwaro, tana sa atishawa, wasu har fatarsu take yi wa ƙaiƙayi. Ga azumi, ba damar kurɓar ruwa. Takunkumi na saya mai kyau, kuma a tsakar gida nake gugar yanzu.

Kiryar ta cinye min lokacin walnot biyu. Magagari yana zamewa a kanta.

24 ga Maris

Wata matsalar da ta tsayar da ni kwanaki.

Bayan lamba 220 akan shafa wa itace ruwa kaɗan don gashinsa ya tashi a goge shi. Na shafa wa masu reshen biyu, na bar su su sha iska. Da na dawo, duk gefen da yake kusa da ƙarfe ya yi dabbare-dabbare, toka-toka zuwa baƙi, har cikin wuraren da suke da haske, inda zanen ya fi fitowa.

Dalilin shi ne samfefar da take cin itacen ita take cin gefen wutsiyar, garin ƙarfe ya shige kafofin walnot, waɗanda a buɗe suke. Itacen yana da sinadarin nan mai bauri irin na bagaruwa, kuma duk inda wannan sinadari ya haɗu da ƙarfe da ruwa, baƙi ne yake fita. Da wannan haɗin dukawa suke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa.

Ruwan lemon tsami ya rage shi amma bai kawar ba. Sai da na koma lamba 120 na cire fatar sama gaba ɗaya, ƙotar ta ɗan sirance fiye da yadda na so, musamman ta yanka. Yanzu samfefar gefen ƙarfe daban, ta fuskar itace daban. Ina goge gefe daga itace zuwa ƙarfe, ba akasin haka ba. Ina kaɗe gari da burushi kafin in shafa komai, kuma sifirit nake shafawa ba ruwa ba. Soson ƙarfe ko kusa.

30 ga Maris

Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu. Shaida giram 126.

6 ga Afrilu

Yau ce ranar da nake jira. Na goge su har lamba 600 na sa mai.

Wani abokina ya ce in shafa man gyaɗa in huta. Man gyaɗa ba ya bushewa, zama yake a cikin itace ya yi ɗoyi ya kama datti. Man linsid dafaffe na samo wurin masu fenti a Sabon Gari, shi yana haɗuwa da iska ya daskare a cikin itacen. Shafin farko na sirka shi ya yi ruwa don ya shige. Da ya taɓa mai igiyar, layukan suka nutsa ciki, wani ya yi duhu wani ya yi zinariya, kana juyawa suna musanya wuri. Maiɗakina da ta leƙo ta ce wannan ta kicin ɗin tata ce, kada in sa ta a lissafin sayarwa.

Kafofin walnot sai an cike su, in ba haka ba jini da kitse za su cike su. Dabarar ita ce a goge da samfefa lamba 400 alhali man yana jiƙe, garin itacen ya kwaɓu da mai ya zama laka, a shafa lakar a gicciye ta shige, a share ragowar. A bari ya bushe sosai, a sake. Shafi mai kauri ba ya bushewa, danƙo yake yi, ga ƙurar Kano tana jira. A cikin kwali nake rataye su.

Tsumman da ya sha linsid ba a dunƙule shi a jefa a kwando. Yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. A shimfiɗe nake shanya su a ƙasa, ko in nutsa a bokitin ruwa.

19 ga Afrilu

An gama mai, na rufe da kakin zuma. Lissafi zuwa yau: itacen walnot 64,000, sifiri 9,000, maƙeri 42,000, tagulla 6,000, gam iri biyu 13,500, samfefa 8,000, mai da kaki 11,000, yanka 3,000, katakon gwaji da kirya 5,500, sikeli da na'urar danshi 15,000, fetur na janareta ranakun da ba wuta 10,000. Jimla naira 187,000. Kowace wuƙa ta haura 31,000 ke nan, ba kube, ba ladan hannuna.

Wanda yake neman wuƙar yanka rago zai samu mai kaifi a Kurmi da kaɗan daga cikin wannan kuɗin, kuma za ta yi masa aikin. Ba da ita nake takara ba. Mai sayen wannan shi ne wanda yake son abin da zai ajiye, ya kula da shi, ya bar wa ɗansa.

2 ga Mayu

Na kai su wurin baduku a yi kube, jar fatar akuya, naira 4,500 kowanne. Na roƙe shi bakin kuben ya tsaya a goshin ƙota, kada ya haɗiye zanen. Jimla ta koma 214,000.

13 ga Mayu

Wuƙaƙen fiɗa biyu, mai walnot da mai kirya, sun yi mako a hannun maƙwabcina mahauci. Na ce ya yi musu yadda yake yi wa nasa.

Ya dawo da su ya ce, "Malam, mai kyan nan ta fi daɗin riƙo, hannu ba ya gajiya. Amma ba ta wurinmu ba ce."

Na duba na gane nufinsa. Ruwan zafi da omo sun cinye sheƙin, itacen ya yi fari-fari a inda tafi yake kamawa. Gindin ya loɓa a inda ta faɗi a siminti. Kiryar kuwa in ban da ta ƙara duhu ba abin da ya same ta. Mannin bai motsa ba a duka biyun, wannan ya faranta min rai. Loɓawar ta tashi da na ɗora jiƙaƙƙen tsumma na danna dutsen guga, sheƙin ya dawo da shafi biyu na mai.

Hukuncina: wuƙar da za ta wuni cikin jini da ruwa kullum, a ba ta kirya. Ba zan sayar wa mahauci walnot ba ko ya nema.

28 ga Mayu

An yi ruwa a unguwarmu, iska ta canza. Shaida ya hau giram 129.

Itacen ya fara kumbura. Idan ka bi gefen ƙota da farce, za ka ji ya ɗara ƙarfen kaɗan, masu reshen sun fi. Lissafin ya yi daidai: walnot yana motsawa kusan kashi ɗaya cikin 400 na faɗinsa a duk canjin kashi ɗaya cikin 100 na danshin da yake cikinsa, don haka ƙota mai faɗin santimita 3 za ta iya ƙara wajen rabin milimita ko fiye tsakanin hunturu da tsakiyar damina. Ƙarfe kuwa yana nan yadda yake.

Hannuna yana ƙaiƙayin in goge su su daidaita, amma ba zan yi ba. In na daidaita yanzu, hunturu na dawowa itacen zai koma ciki, ƙarfen ya fito yana yankar tafi. Gara itace ya ɗara ƙarfe da ƙarfe ya ɗara itace. Kaifin gefen kawai na kashe da lamba 600. Wannan ne ya tabbatar min cewa jiran da na yi a Janairu da mannawa a lokacin rani su ne daidai. Da a watan Agusta na haɗa su, a Disamba ƙusoshin za su raba su.

Mai ƙullutun ta fitar da siririn layi kusa da ƙusar tsakiya. Na ɗiga supagulu, na sa alama a takarda don in ga ko zai ƙaru.

8 ga Yuni

An yi layya ranar Juma'a. Da mai reshe na yanka ragonmu, kawuna ya karɓi ɗayar. Riƙon bai zame ba ko da hannu ya jiƙe.

Ta kawu ce ta samu matsala. Cikin hidimar suya aka jefa ta bahon wanke-wanke ta kwana a ruwa. Da safe ya aiko min da ita: ɓari ɗaya ya ɗaga a gindi, takarda tana shiga tsakaninsa da ƙarfe, tsatsa ta fara ja a wurin. Ban taɓa ta da gam ba tukuna. Na rataye ta a inuwa ta koma yadda take, sannan in kankare tsatsar da siririn ƙarfe, in tura gam, in naɗe da roba. Na kira shi na ce, "Kawu, don Allah ku ce wa yara a wanke bakin kawai, a share ƙotar da tsumma, a shafa mata mai kafin a ajiye. Kuma kada ta daɗe a kube lokacin damina, fata tana riƙe laima." Duk wadda zan sayar, da wannan bayanin a rubuce za ta tafi.

15 ga Yuni

Ta kawu ta manne, sai ɗan baƙin layi da ya rage a gindi. Layin mai ƙullutu bai ƙaru ba. Shaida giram 131.

Mutum biyu sun nemi saye, na ce su bari sai bayan Agusta, in ga iyakar kumburin, domin ba na son in karɓi kuɗin mutum a kan abin da bai ga damina ba. Ta fiɗa mai igiya da ta yanka su ne na sayarwa.

Zagaye na gaba: itacen ya iso a Oktoba, a toshe kawunansa tun a can kafin ya hau jirgi, ya zauna har Fabrairu. Na gaya wa ƙanina ya fi nemo mai igiya, ya rage ƙullutu. Guntun igiya ɗaya da ya rage zan gwada masa ɓoyayyiyar wutsiya, rami da dirila ba da wuta ba, da wuyan kirya a gaba inda ruwa ya fi taɓawa. Masassaƙin ya yi alkawarin ajiye min gindin kirya da mararrabar reshen tsamiya da kanya, domin murɗaɗɗiyar jijiya ba walnot kaɗai yake da ita ba, su dai suna jefar da irin wannan ne don yana ba gizago wahala.

Batun tukunyar zuƙe iska kuma, kwamfuresar tsohon firji tana iya yin aikin famfon. Mai gyaran firji na bakin titinmu ya ce naira 18,000. Saura in san nawa ruwan robar zai kama kafin ya iso Kano, in ya wuce kuɗin itacen kansa zan haƙura da ƙullutu.